Gunkin Buda a ɗakin amarya: roƙona ga masu sayar da kayan jere

Ya Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina roƙon ka ba ni fili a jaridar nan in yi magana kan wani abu da ya shiga ɗakunan 'ya'yanmu mata ta hannunmu mu 'yan kasuwa, kuma ni kaina ina cikin waɗanda suka shigo da shi. Sana'ata sayar da kayan jere da kayan ƙawata falo a nan cikin garin Sakkwato. Na yi shekara 11 ina koyarwa a firamare kafin in kama kasuwanci, daga nan na riƙa zuwa sarin kaya Dubai da biranen Guangzhou da Yiwu na ƙasar Sin, sau biyu kuma na je Bankok, babban birnin Tailan.

Bayan Babbar Sallar bara aka kai ɗiyar ƙanena ɗakinta a Mabera. Ni na yi mata jere da hannuna, kuma na zuba mata mafi kyawun abin da ke shagona. Kwana uku da tarewa muka je ganin ɗaki tare da Inna, yayar mahaifiyarmu, tsohuwa ce da ta haura shekara 80 kuma ba kasafai take fita ba. A kan teburin tsakiyar falo akwai wani kaskon turare na zamani, irin wanda ake aza masa ɗan dunƙulen turare mai tsini daga sama, hayaƙin ya riƙa gangarowa ƙasa kamar ruwa. A jikinsa akwai siffar mutum zaune ya harɗe ƙafafu, idanunsa a lumshe, kunnuwansa dogaye har kusa da kafaɗa. Ƙawayen amarya sun kewaye shi suna ɗauka a waya. Inna ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Wanga da kunka aza bisa tebur kuna yi mai hayaƙi, wane na?"

Amarya ta ce, "Kaka, kaskon turare ne, Gwaggo ce ta kawo mini."

Inna ta ce, "Kasko ba shi da ido da hanci, ɗiyata."

Ɗakin ya yi tsit, aka juyo ana dubana. Ba zan ce ban taɓa ganin wannan fuska ba. Fuskar Buda ce, na gan ta a Bankok a gidajen ibadar mabiya addininsa, na gan ta a gaban motocin haya an rataya mata furanni. Har ma a hanyar shiga gari daga filin jirgi na ga manyan alluna da aka rubuta da Turanci cewa Buda ba kayan ado ba ne, ana roƙon baƙi su girmama shi. Duk da haka, ranar da na tsaya a Yiwu aka jera mini shi cikin kaskwan turare da fitilu da furannin roba, dozin 5 na ce a sa mini, don na san zai shiga. Ya kuwa shiga. Ban yi tunanin komai ba sai ribar da ke ciki, kuma wannan nauyi ne da nake neman gafarar Allah a kansa.

Tambayar Inna ce ta hana ni barci. Na zauna na yi karatu, na kuma tsare ɗana da ya yi jami'a a Malesiya tare da mabiya wannan addini, ya yi mini bayanin abin da ya gani da idonsa. Abin da na fahimta shi ne nake so masu karatu su ji, domin da yawa cikinmu muna aje abin nan ne cikin rashin sani, wanda Bahaushe ya ce ya fi dare duhu.

Mutumin da ake siffantawa sunansa Siddhartha Gautama. An haife shi a Lumbini, cikin ƙasar Nepal ta yanzu, kimanin shekara 2,500 da suka wuce, a gidan sarauta. Ya bar gida da dukiya ya shiga neman amsar wahalar ɗan Adam, tsufa da ciwo da mutuwa. Mabiyansa sun yi imani cewa ya sami wayewar da yake nema yana zaune ƙarƙashin wata bishiya dangin ɓaure a wurin da ake kira Bodh Gaya a Indiya, daga nan aka sa masa laƙabin Buda, wato wanda ya farka. Ya yi wa'azinsa na farko a Sarnath, ya rasu a Kushinagar yana da shekara kusan 80. Yau ɗaruruwan miliyoyin mutane ne ke bin tafarkinsa, kuma a Tailan sun haura kashi 90 cikin 100 na jama'a.

Babu abin da aka yi a jikin siffar nan don kyau kawai. Dogayen kunnuwan tuni ne cewa ɗan sarki ne da ya saba da 'yan kunne masu nauyi, ya cire ya yar. Tudun da ke tsakar kansa alamar wayewar da suke jingina masa ce. Idan ka ga hannun dama ya sauka yatsu suna taɓa ƙasa, wannan lokacin nan ne na ƙarƙashin bishiya, inda suka ce ya kira ƙasa ta yi masa shaida. Idan tafin hannu a ɗage yake yana fuskantarka, ma'anarsa kada ka ji tsoro. Aƙida ce aka sassaƙa, gaɓa bayan gaɓa. Shi kuma ƙaton nan mai tumbi da ke dariya, wanda ake cewa yana kawo sa'ar ciniki, ba Gautama ba ne. Wani mai zuhudu ne ɗan ƙasar Sin da ya rayu a ƙarni na 10, ana ce masa Budai saboda jakar tsumma da yake yawo da ita, kuma shi ma yana da matsayi a ibadarsu. Na ga shi a kan kanta a shagunan Musulmi fiye da ɗaya, kusa da akwatin kuɗi.

Abin da ya fi girgiza ni shi ne yadda suke girmama siffar. Suna aje ta a wuri mai tsayi, sama da kan mai zama. Ba a aje ta a ƙasa, ba a kai ta banɗaki, ba a miƙe ƙafa ana fuskantarta, kuma sai an cire takalmi ake shiga inda take. Sannan a gabanta ana aje furanni da ruwa, a kunna fitila, a ƙona turare. Ka duba, ya Edita, abin da muka yi a ɗakin ɗiyar nan: mun aza siffar a tsakiyar falo, mun sa furanni kusa da ita, muna kunna mata turare safe da yamma. Niyyarmu ƙamshin ɗaki ce, Allah ne shaida, amma duk wani ɗan Tailan da zai leƙo sai ya ɗauka wurin ibada ya shigo. A gidan da na san an gaji da kaskon kuwa, an mayar da shi bakin ƙofar banɗaki yana tokare ƙyaure. Ko dai mu kwaikwayi bautarsu ba mu sani ba, ko mu wulaƙanta abin da suke girmamawa ba mu sani ba. Na nemi hanya ta uku da Musulmi zai aje wannan abu a gidansa, ban samu ba.

Ta ɓangarenmu maganar ba ta da tsawo, kowane ɗan Islamiyya ya san ta. Ya tabbata a hadisi ingantacce cewa mala'iku ba sa shiga gidan da ke da kare ko siffa. Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, ta rataya labule mai hotuna, Manzon Allah (SAW) ya nuna ɓacin ransa har aka sauke shi aka yi matasan kai da shi. Labule ke nan, balle abin da aka sassaƙa yana da inuwa. Amma wurin da na fi daɗewa ina tunani shi ne aya ta 23 cikin Suratu Nuhu, inda aka ambaci Waddu da Suwa'u da Yagusu da Ya'uƙu da Nasru. Abdullahi ɗan Abbas ya bayyana cewa sunayen mutanen kirki ne. Da suka mutu aka kafa musu alamomi a wuraren zamansu don tunawa, ba a bauta musu ba a lokacin, sai da waɗancan suka shuɗe, ilimi ya gushe, na baya suka mayar da su abin bauta.

Na kawo wannan ne saboda wani abu da ya ba ni mamaki cikin tarihin su kansu mabiya Buda. Ƙarnoni na farko bayan rasuwarsa ba a sassaƙa shi da siffar mutum ba. Idan masu sassaƙa suna son nuna shi sai su yi sawun ƙafa, ko kujerar da ba kowa a kanta, ko bishiyar nan, ko wani zagaye mai kama da ƙafar keke da ke nufin koyarwarsa. Sai wajen ƙarni na 1 Miladiyya aka fara yi masa fuska da jiki, a Mathura ta Indiya da kuma yankin Gandhara, wanda yanzu ya faɗa cikin Pakistan da Afganistan, inda salon sassaƙar Girkawa ya yi tasiri. Adalci ne in faɗa cewa da yawa cikinsu suna cewa ba dutsen ko tagullar suke bauta wa ba, malaminsu suke tunawa idan sun rusuna. Wannan fahimtarsu ce, kuma ba na sa musu abin da ba su faɗa ba. Amma Musulmin da ya karanta labarin mutanen Annabi Nuhu ya san dalilin da ya sa aka toshe mana wannan ƙofa tun daga nesa. Jikokinmu da za su buɗe ido su ga ana yi wa wata fuska hayaƙi kullum a falon uwarsu, me muke koya musu?

Na yi wannan magana da abokan sana'a a Babbar Kasuwa. Wata ta ce mini ai kamar 'yartsana ce. Na ce 'yartsana yarinya ke goyo ta yi wasa, ba wanda ke rusuna mata a ko'ina cikin duniya. Wani kuma, mutum mai karatu, ya ce malaman Malikiyya sun yi rangwame ga siffar da gaɓoɓinta ba su cika ba, don haka shi kai kaɗai yake kawowa, babu gangar jiki. Ni ba malama ba ce, amma ban ji malamin da ya shimfiɗa wannan rangwame har kan fuskar da ake ƙona wa turare a gidajen ibada ba. Kuma idan aka duba ta wajen masu abin, kan nan da ba jiki ya fi komai ciwo. Da yawa daga kawunan Buda da ke gidajen tarihi da gidajen attajirai a Turai da Amurka sare su aka yi daga jikin gumakan a wuraren ibada, domin kai ya fi sauƙin ɗauka da ɓoyewa. An yi wa Kambodiya wannan ɓarna sosai a shekarun yaƙinta. A watan Disamba na 2023 babban gidan tarihin nan na Metropolitan da ke New York ya sanar da mayar da kayan tarihi 14 ga Kambodiya da 2 ga Tailan, cikinsu har da wani ƙaton kan Buda na dutse. Wannan yayi na aje kai a kan tebur ya samo kamanninsa ne daga kayan ganima. Mu 'yan Najeriya da har yau muke bin kayan da sojojin Ingila suka kwashe a Benin a 1897, bai kamata a yi mana dogon bayani kan irin wannan ciwo ba.

Su ma ba sa ɗaukar abin da wasa. A Tailan ba a fitar da siffar Buda daga ƙasar yadda aka ga dama, akwai izinin hukuma da ake nema. A 2014 Siri Lanka ta kori wata 'yar yawon buɗe ido 'yar Ingila saboda zanen Buda a damtsenta, ko da yake daga baya kotun ƙolin ƙasar ta ce an zalunce ta, aka yanke a biya ta diyya. A 2015 wata kotu a Myanmar ta ɗaure wani ɗan New Zealand shekara biyu da rabi don ya tallata mashaya da hoton Buda sanye da abin sauraren kiɗa a kunne. Ba duka ne ke da wannan zafi ba. Akwai masu cewa duk wanda siffar ta sanyaya wa zuciya ya aje, kuma a ƙasashen da ake bin addinin ne ake ƙera da yawa daga waɗanda ake sayarwa. Amma mu ma akwai Musulmin da zai sayar da komai idan an biya shi, kuma ba ma yarda a ce shi ne ma'aunin abin da ke mana ciwo.

Laifi tudu ne, sai ka taka naka ka hango na wani. A 1994 kamfanin Chanel na Faransa ya fito da rigunan mata da aka yi wa ado da rubutun ayoyin Alƙur'ani. Musulmin duniya suka tashi, kamfanin ya nemi gafara ya lalata rigunan. A 1997 kamfanin Nike ya janye wasu takalma saboda zanen da ke jikinsu ya yi kama da sunan Allah da Larabci. A duka biyun uzurin da aka kawo shi ne ba a sani ba, kyan zanen aka gani. Shi ne dai uzurinmu mu masu aje Buda a falo, kalma da kalma. Mu matso kusa da gida: allon zayyana da yaro ke riƙewa ranar saukarsa, Turawa na sha'awarsa, suna saye su rataya a bango. Idan aka ce mini an rataya allo mai ɗauke da Fatiha a mashaya, ko an jingine shi a ƙasa kusa da takalma, ba zai sanyaya mini rai ba don an ce wanda ya saya launin tawadar ne ya burge shi.

Na san abin da wasu masu karatu za su ce, domin an faɗa mini a fuska: mutanen da suka yi wa Musulmin Rohingya abin da suka yi, su ne za ki nema wa girmamawa? Ban manta ba. A 2017 mutum fiye da 700,000 suka tsere daga Myanmar zuwa Bangaladesh, an ƙone ƙauyukansu, kuma akwai malaman addinin Buda da suka rura wutar ƙiyayyar da bakinsu. Na yi kuka a lokacin, kuma har yau ina sa su cikin addu'a. Amma sojojin Myanmar da masu zuga su ba su ne tsohuwar da na gani a Bankok tana aje fure da asuba ba, kamar yadda muke ƙin a ɗora mana laifin masu tayar da bam da sunan addininmu. Allah ya ce a aya ta 8 ta Suratul Ma'ida kada ƙiyayyar wasu mutane ta sa mu bar adalci. A aya ta 108 ta Suratul An'am kuma ya hana mu zagin abin da wasu ke kira baicin Allah, don kada su rama da zagin Allah cikin jahilci. Ba a ce mu yarda da abin da suke bauta wa ba. An ce mu kame bakinmu, kuma ina ganin hannu da waya ma sun shiga ciki. Shi ya sa nake roƙon duk wanda ya gano yana da wannan abu a gida kada ya fito da shi tsakar gida yana takawa ana ɗauka don a sa a TikTok ko Facebook. Abin da aka ɗora a Sakkwato da hantsi, kafin azahar an gan shi a Kolombo ta Siri Lanka da Yangon ta Myanmar, kuma akwai Musulmi marasa rinjaye da ke zaune a can waɗanda za su iya kwana a ciki.

Amarya ba ta san Yiwu ba. Abin da ta gani a shagonmu shi take ɗauka, ta kuma ɗauka cewa tunda Hajiya ce ta kawo, babu laifi. Saboda haka nauyin yana kanmu mu masu cika kwantena. Yanzu ma da yawa ba sa tafiya, dillali ne ke turo hotuna a WhatsApp a zaɓa. Ba ya cin minti ɗaya a tambaye shi, wannan fuskar ta wace ce? Kuma ba Buda kaɗai ba ne. Na ga mai kan giwa da jikin mutum, wanda mabiya addinin Hindu ke kira Ganesha, an liƙa shi a jikin agogon bango. Na ga ƙananan maɓuɓɓugan ruwa na lantarki da ake sa wa a falo, da siffar a zaune ruwa na zuba ta gabanta. Ina roƙon shugabannin ƙungiyoyinmu na kasuwa su yi wa mambobi bayani, malamanmu kuma idan za su taɓa maganar a wa'azin mata, su nuna hoton abin, domin da yawa idan aka ce gunki, wani baƙin dutse suke hangowa a dawa, ba abu mai ruwan zinari da ke cikin dibaidarsu ba.

Ba mu rasa abin ƙawa ba. A garin nan ake jimar fatar jar akuyar da duniya ta sani, dukawanmu na ɗinka timtim da matasai masu zane, ga faifai da tabarmi masu launi, ga ƙwarya da aka yi wa zane da wuta. Ɗiyar ƙanena yanzu kaskon yumɓu ne a falonta, da garwashi da turaren wuta irin wanda uwarta ta haɗa mata, kuma Inna ta koma ta sa wa ɗakin albarka.

Cikin 60 da na shigo da su, 17 ne suka rage a shago ranar da abin ya faru. Ban sayar ba, ban kuma bayar kyauta ba, domin mayar da nauyin ne kan wani. Ban zuba su a bola ba, inda yara za su tsinta su shiga da su wasu gidajen. Na naɗe su cikin buhu, muka kai gonarmu ni da ɗana, muka haƙa rami mai zurfi muka binne, ba hoto ba gayya. Sauran 43 suna hannun mutane. Na bi waɗanda nake da lambarsu, 9 sun dawo da nasu na mayar musu da kuɗinsu. Ragowar kuwa masu wucewa ne da ban riƙe sunayensu ba, wasu daga Wurno, wasu daga Gwadabawa da Illela. Idan ɗayansu ta karanta wannan wasiƙa, ko aka karanta mata, ta san shagon da ta saya. Ta naɗo shi cikin leda ta kawo, ko ya fashe ko ya yi baƙi da hayaƙi, kuɗinta na nan cif yadda ta biya.

Wassalam.

Wata mai sayar da kayan jere,
Sakkwato.